Motar Kawu Zaharia da Ranar Makabarta

Plopeni, 21 ga Maris

Yaya Anatol,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta same ka lafiya a Padova can ƙasar waje, aikin gareji kuma yana tafiya. Dorin ne, ɗan Lidia. Uwata da mahaifinka Kawu Zaharia 'ya'yan wa da ƙani ne, in ka manta. Lokacin da ka tafi ina ɗan shekara sha bakwai, mai fatan-fatan kunnuwa. Kunnuwan suna nan, jikin ne ya kamo su. Tun da Allah ya ɗauki Kawu a watan Oktoba nake kwana a ɗakin baya na gidanku, ina faskare, ina jan ruwa, ina karanta wa Inna Profira takardunka, tunda idonta ya daina ganin ƙananan baƙaƙe.

Mahaifiyarka lafiya lau, sai gwiwoyin nan nata. Tana azumin kafin Ista, ba nama, wake yau wake gobe, ni ma ta sa ni ciki ba shawara. Ƙanƙara ta narke, shamuwa ta dawo kan turken lantarki na bakin coci. Inna ta fito da gwangwanin shuɗin fentinta tun ƙasa ba ta bushe ba, ta gama da ƙofar gida da rijiya da benci. Kare ma ya daina kwanciya kusa da ita.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da ban wuce aji bakwai ba, motar Kawu ce. Ba ta caji. Na yi mata yadda na ga yana yi: batir ya yi hunturu a ɗaki kusa da murhu, a watan Fabrairu na kwance altaneta, na'urar da ke cajin batir, na wanke ta, na sa mata sababbin burushi, ta zauna a ɗaki sati uku, sannan na mayar. Mota ta tashi bugu ɗaya. Na kai Inna kasuwa, na kai ta coci, rana ta uku na murza makulli sai ƙet, shiru. Na kai batir gidan tsohon nan Mosh Gavril na maƙwabta ya cika shi, bayan kwana uku ya sake zama fanko. Jar fitilar gaban direba tana ci sama-sama kamar garwashi cikin toka, ko inji na aiki ko yana kashe.

Ranar makabarta, da kowa ke ziyartar mamatansa, bana tara ga Mayu ce, Litinin ta biyu bayan Ista. Ka san a ƙauyen Stejareni aka binne Kawu kusa da iyayensa, kuma wannan ce shekararsa ta farko. Inna ta sa kafinta ya yi ƙaramin tebur da kujera, ta tara tawul da kwanuka da za ta miƙa sadaka ta kan kabarinsa. Bas a gindin tudu yake tsayawa, kilomita biyar kafin makabarta, ranar kuma ko wurin tsayuwa ba a samu a cikinsa. Ta ce shekara ashirin da biyu a motar nan Kawu yake kai ta wajen iyayensa, a cikinta kuma za ta je wajensa. Ba ta ɗaga murya ba. Ka san ta, in ta faɗi magana a hankali to an gama.

Kai ne mai riwayar gidan nan, gwanin wayoyin mota. Ka gaya mini inda zan taɓa, ina da haƙuri. Zan ba Valeriu, direban da ke kai muku saƙo, wannan tare da zuma da tafarnuwar da Inna ta ɗaure maka.

Ƙaninka,
Dorin


Padova, 27 ga Maris

Dorin,

Na gode, na kuma tuna ka sarai. Kai ne ka faɗa cikin gangar kabeji a bikin auren 'yar'uwarmu Nina. Lafiyata ƙalau, zumar ta iso, mutanen ɗakinmu sun kusa cinye ta da cokali. Ka gaishe mini da Mama, ka ce ta daina durƙuso a ƙasa mai sanyi.

Ga abin da za ka yi, ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi tsalle. Danna fambel, wato bel ɗin fanka, da babban yatsa. In ya lotsa fiye da kaurin yatsan, ja altanetar baya ka ɗaure. Kankare kawunan batir har su yi haske. Duba fiyus, ka juya kowanne a gurbinsa. Bi ƙaramar wayar da ke shiga bayan altaneta da hannu, daga farko har ƙarshe, ɓera yana son ta. Sannan ka tayar da inji, ka kai bakin sukudireba bayanta, daidai tsakiya. In tana aiki za ta ja ƙarfen kamar maganaɗisu. Ka kiyayi hannun rigarka da fanka. In duk wannan bai nuna komai ba, kwance ta ka kai wa masu riwaya na garin gunduma su juya ta a kan tebur.

Wannan layin naka ne kai kaɗai, kada ka karanta wa Mama: motar nan ta gama zamaninta. In ta ƙi, kada ka kashe kanka, a kira masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauke ta, a nemi wani ya kai Mama.

Takarduna na izinin zama a ƙasar nan har yanzu ba su fito ba. In na ƙetare iyaka ba zan iya dawowa aiki ba, don haka bana ma ba da ni ba.

Yayanka,
Anatol


Plopeni, 10 ga Afrilu

Yaya Anatol,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an shuka dankali da albasa, tunkiyar Inna ta haifi biyu.

Zan fara da laifina. Ni mai karatu da yatsa ne, ba na ganin abin da ke gaba sai bakina ya riga ya faɗe shi. Ina karanta wa Inna takardarka a bakin murhu, tana tsince wake, sai na ji kaina ina cewa, "Kada ka karanta wa Mama." Na tsaya. Ta ce, "Ci gaba." Na ce sauran maganar waya ce da fiyus. Ta ce, "Dorin, kunnuwanka sun yi ja. Ci gaba." Na karanta har masu sayen tsohon ƙarfe.

Ba ta yi kuka ba. Ta tsince wakenta tas, ta ce, "Uban bai cika shekara a ƙasa ba, ɗan yana auna motarsa a sikeli." Satin da ya wuce Valeriu ya yi ham a ƙofa, ta ce in gaya masa babu saƙo. Ni ma ban rubuta ba, don kunya, kuma ba ni da labari mai daɗi. Yau ma wannan takardar ita kaɗai za ta zo maka, ba zuma.

Na bi abin da ka lissafa. Fambel daidai. Kawunan batir sun yi haske har ina ganin hancina. Fiyus lafiya, ɓera bai taɓa waya ba. Sukudireba kuwa tana ɗan ja, amma ja irin na mai jin kunya. Na kwance ta na sa a buhu na hau bas zuwa gunduma. Mai riwaya ya maƙala mata wayoyinsa ya juya, allurar mita ta yi sama. Ya ce, "Wannan ta fi ni lafiya. Wa ya sa mata burushi?" Na ce ni. Ya ce in na gaji da ƙauye in zo. Na dawo ina murna, na ɗaura, kwana uku batir ya mutu.

Mosh Gavril kullum yana jingine da shinge. Jiya ya ce, "Injiniya, yau ma turi ne? Gara ka ɗaura mata dokina, shi ba ya buƙatar caji, ciyawa kawai." Na ce, "Mosh, dokinka ya girmi motar." Ya ce, "Amma yana tashi da safe!" Shi ya ce motar makoki take yi, ba za ta yi wa kowa aiki ba sai mai ita ya cika shekara. Inna ta ji, ta leƙo ta taga ta ce, "Gavril, in makoki ke hana aiki, kai wa ya mutu maka shekara arba'in?"

Abin da nake ta juyawa a raina: a tebur tana ba da wuta, a mota ba ta bayarwa. Ke nan ciwon ba a cikinta yake ba. Saura wata guda. Inna ba ta tambayata, amma kowace safiya tana share teburin sadakar nan da tsumma, ni kuma ina gani.

Ƙaninka,
Dorin


Padova, 17 ga Afrilu

Dorin,

Ina lafiya, amma sati biyu ban yi barcin kirki ba. Ranar Lahadin da Valeriu ya buɗe bayan mota, kowa yana karɓar ƙullinsa, ya dube ni ya ce babu, sai na ɗauka Mama ce ba lafiya kuke ɓoye mini. Yau da na ga takardarka na fahimta. Ba laifinka ba ne, ni ne wawan da ya rubuta sirri ga mai karanta wa mutum a gabansa.

Wannan ka karanta mata, da ƙarfi. Mama, ba motar na raina ba. Na san hawan Stejareni, na san babu gida ko ɗaya tsakanin gada da gonar inabi. Na yi tunanin ki a tsaye a bakin hanya da gwiwoyin nan, tebur a kan mota, ni kuma ina nan ina gyara motocin mutanen da ban sani ba. Ban zuba ƙasa a kabarin Baba ba. Abin da ya rage in yi masa shi ne in ga kin isa lafiya, da kowace mota ce. Na faɗe shi da baki mara kyau. Ki yafe mini.

Dorin, hankalinka ya kama hanya. Wuta ba ta fita sai tana da hanyar komawa, hanyar kuwa jikin altanetar ce, zuwa ƙarfen da take zaune a kai, zuwa inji. Samo waya mai kauri, ka haɗa jikinta da baƙin kan batir, ka ga abin da fitila za ta yi.

Anatol


Plopeni, 24 ga Afrilu

Yaya Anatol,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Ba mu ji daga gare ka ba. Matar Valeriu ta ce an tsare motarsa a iyaka saboda wata takarda, kayan kowa na ciki, don haka wannan ta hannun wani direba na garin Ungheni za ta zo. Inna ta ce, "Ya yi fushi ke nan." Na ce iyaka ce. Ta ce, "Iyaka ba ta hana ɗa rubutu." Amma sau biyu na gan ta a bakin ƙofa tana duban hanya, wai kaji take nema.

Yaya, mota tana caji!

Ranar Alhamis na tayar da ita da batir ɗin da Mosh Gavril ya cika, na buɗe bonet na tsaya ina kallo kawai, don na rasa abin taɓawa. Sifana tana hannuna, na ɗora ta a kan altaneta don in share gumi. Sai ɗaya bakin ya zame ya taɓa jikin inji. Na ga ɗan tartsatsi, muryar inji kuma ta sauya, ta yi nauyi kamar doki ya ji kaya. Na ɗauke sifana, murya ta koma. Na mayar, ta sake nauyi. Sau biyar na yi. Na kira Mosh na ce ya zauna a kujerar direba ya dubi jar fitila. Ya yi ihu, "Ta mutu! Ta dawo! Ta mutu! Kai yaro, me kake yi mata?"

Na kashe inji na zauna a kan bokiti. In sifana tana yi mata gada, to gadar da take da ita ta karye. Na kwance ta, na dubi ƙarfen da take zama a kai. Shuɗi ne, Yaya. Shuɗin rijiya. Ƙafafun altanetar shuɗi, notuna shuɗi, har cikin ramukan, da kauri kamar ɓawon burodi. Sau biyu na ɗaura ta a kan fentin nan da hannuna, na gan shi sarai, har na ji daɗi a raina na ce an yi tsaf. A garin nan in Ista ta gabato komai shuɗi ne, wa yake lura da shi?

Na shiga na sami Inna tana murza ƙullun burodi. Na ce, "Inna, kin taɓa motar Kawu?"

Ta ce, "Ni? Me na sani a mota?"

"Da burushin fenti fa?"

Ta ci gaba da murzawa. Can ta ce, "Ka cire abin nan ka bar wurin tsirara, tsatsa ja wur. Zaharia bai taɓa shiga Ista da tsatsa ba. Shafa biyu na yi, na tsoma notunan a gwangwani don su ma su samu."

Na ce fentin ne ya hana wuta wucewa. Ta ce, "Fenti mai kyau ne, tun na bikin Nina." Na ce shi ya sa, ya yi kyau da yawa. Mosh Gavril yana bakin ƙofa, dariya har da tari. Ya ce, "Profira, sati biyar yaron nan yana turi, ashe ke ce makokin!" Ta nuna shi da hannu duk ƙullu ta ce, "Ka faɗa a shago, in shafe ka kai ma, shafa biyu." Kafin yamma duk shago an ji.

Na kankare da wuƙa da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, na shafa ɗan giris, na ɗaure. Fitila tana kamawa jawur in an murza makulli, tana mutuwa da inji ya tashi. Kwana uku ke nan ina yawo da fitilun gaba a kunne da gangan, har gada na je na dawo, kuma kowace safiya bugu ɗaya. Inna ta zo ta leƙa ta ga farin ƙarfen, ta ce, "Haka za ka bar shi?" Na ce haka. Na ɓoye gwangwanin a rufin ɗakin kaji.

Ƙaninka,
Dorin


Plopeni, 10 ga Mayu

Yaya Anatol,

Almasihu ya tashi! Da fatan ka yi Ista lafiya, ka kuma sami ƙwan Ista da aka rina ja ko ɗaya a can. Mu mun ci rago har na kasa sunkuyawa.

Takardarka ta sha bakwai ga Afrilu sai ranar Asabar ta Ista ta iso, ta yi sati biyu a iyaka tana warin man dizal. Na yi dariya da na ga maganar waya mai kauri. Da ta zo da wuri da ban sha turi ba, amma da ban san muryar inji ba. Na karanta wa Inna nata da ƙarfi yadda ka ce. Ta sa na maimaita wurin gada da gonar inabi. Sannan ta karɓi takardar ta ninke ta sa a aljihun gaba, ta ce, "Wawa, kamar ubansa. Magana mai kyau sai ya juya ta ta baya."

Jiya muka je. Tebur da kujera a kan rufi, ƙafafu sama. Kwanduna huɗu a baya, burodin kitso da jajayen ƙwai da kyandir da tulun giyar inabi, Mosh Gavril a tsakiyarsu, wai ya zo ne ko za a buƙaci mai turi. A hawan Stejareni na sa mota a giya ta biyu, idona ɗaya a hanya ɗaya a fitila. Ba ta ko ƙifta ba. Muka wuce mutanen bas suna hawa da ƙafa, Inna ta sa na tsaya muka ɗauki wata tsohuwa da jikarta, Mosh ya rungume kwando a cinya yana ƙorafi.

Makabarta cike, kowane kabari da mutanensa da shimfiɗarsa. Ciyawa ta fito a na Kawu, na cire. Fada, limamin coci, ya zo ya yi addu'a, aka zuba giya a ƙasa. Inna ta miƙa tebur da kujera ta kan kabari ga wani ɗan'uwan Kawu mai yara shida, tawul da kwanuka ga duk wanda ya matso, kowa ya karɓa ya ce Allah ya jiƙansa. Ta fito da takardarka ta ce in karanta wa Kawu wurin da ka ce ba ka zuba ƙasa ba. Na karanta. Ta ce da gicciyen kabarin, "Ka ji ɗanka. Bai manta ba, takardu ne." Ta cika kofi ta ce wannan na Anatol ne, ta zuba rabi a ƙasa, ta shanye rabi. Mosh ya ce shi ma yana iya wakiltar wani in akwai.

Yanzu ga babbar maganar. Da kwanduna suka kusa ƙarewa ta ce in ba ta makullin mota. Na ɗauka tsoron ɓata take. Ta ce in zagaya ɗaya gefen. Ta ɗaura makullin a sabon tawul, ta ɗora burodi da kyandir mai ci a kai, ta miƙo mini ta kan kabarin, ta ce, "Don ran Zaharia." Mutane na kallo. Ka san abin da aka miƙa ta kan kabari ba a mayar da hannu. Na ce, "Inna, ta Yaya Anatol ce." Ta ce, "Kyandir yana ɗiga mini a hannu, Dorin." Na karɓa, na ce Allah ya jiƙansa.

Mun dawo lafiya kafin rana ta faɗi, Inna tana gyangyaɗi, Mosh yana waƙa. Amma ni ban nemi wannan ba, Yaya, kuma gadonka ne. Na karɓa a gaban kabari don ba yadda zan yi. A gabanka kuwa sai abin da ka ce. Ƙullin da ke tare da takardar nan cukun tumaki ne da zuma kwalba biyu, ta ce ɗaya ta satin da ta hana ce.

Ƙaninka,
Dorin


Padova, 15 ga Mayu

Dorin,

Haƙiƙa ya tashi! Lafiyata ƙalau, cuku ya iso, wannan karon na ɓoye shi a ƙarƙashin gado.

Na karanta takardarka a bayan motar Valeriu, a tsaye, na koma gefe don kada mutane su ga fuskata. Ka kai uwata wajen ubana. Me kuma kake tambayata? Ka karɓa, ka ce Allah ya jiƙansa, magana ta ƙare. Mota taka ce, ka canza mata mai kafin zafi ya shigo.

Lauyan da ke bin takardunmu ya ce wataƙila kafin a tsinke inabi. In sun fito zan aiko maka da rana. Ka zo tashar gunduma tare da Mama ka ɗauke ni, daga nan mu wuce Stejareni kai tsaye, ko gida ba sai mun biya ba. Mama a gaba kusa da kai. Ni baya ya ishe ni.

Wannan duka ka karanta mata.

Yayanka,
Anatol